Yadda Ake Bambance 'Yar Saifa da Ciwon Daji a Wutsiyar Fankiriyas

Wani magidanci daga wajajen Yawuri, mai kimanin shekara 55, ya shigo ɗakin da nake duba hotuna a Birnin Kebbi bayan an gama girbin shinkafa, babban ɗansa na biye da shi riƙe da ƙaton ambulan mai ruwan ƙasa wanda zufar hannu ta riga ta jiƙa gefensa. Tsakuwar ƙoda ce ta kai shi yin hoton siti-sikan, wato hoton na'ura da ke nuna kayan ciki yanka-yanka, a wata cibiya mai zaman kanta, kuma an ga tsakuwar, sai dai an ga wani abu dabam da ba shi aka je nema ba: ɗan ƙulli zagayayye, wanda bai fi ɗiyan magarya girma ba, a can ƙarshen wutsiyar fankiriyas. Wanda ya rubuta rahoton ya ce yana zargin daji. Ɗan ya ajiye ambulan ɗin a gabana, ya ce, "Likita, an ce muna daji na ga Baba, mun aza bijimai kasuwa, mi kag gani?" Na ce masa su dakata da sayar da bijiman tukuna, domin hoton da suka kawo bai isa a yanke hukunci da shi ba, ko na alheri ko na akasinsa.

Kafin a shiga bayanin matakai, dole ne a gyara wani ruɗani na suna. Sau da yawa a rediyo da rubuce-rubucen Hausa ana kiran fankiriyas da sunan saifa, alhali kuwa gaɓoɓi biyu ne mabambanta, kuma duk wanda ya cakuɗa su ba zai fahimci komai a cikin wannan magana ba. Saifa ita ce tsokar nan mai duhun ja da kowane mahauci ya sani, tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, aikinta tace jini, kawar da jajayen ƙwayoyin da suka tsufa, da yaƙar wasu ƙwayoyin cuta. Fankiriyas kuwa doguwar tsoka ce fara-fara da ke kwance a gicciye bayan tumbi, ita ke fitar da insulin mai daidaita sukari da kuma ruwan da ke narkar da abinci a hanji. Tana da kai a dama, da gangar jiki a tsakiya, da wutsiya a hagu, kuma bakin wannan wutsiya yana kusan taɓa mashigar jijiyoyin saifa. Wannan maƙwabtaka ita ce tushen matsalar.

Tun jariri yana da kimanin mako biyar a ciki, saifa take fara samuwa daga wasu ƙananan dunƙule-dunƙule na tsoka waɗanda daga baya suke haɗewa su zama gaɓa ɗaya. Idan ɗaya daga cikinsu ya ƙi haɗewa da 'yan uwansa, sai ya zauna shi kaɗai da 'yar jijiyarsa, ya girma ya zama cikakkiyar saifa ƙarama mai yin irin aikin uwar. Wannan ita ce 'yar saifa. Ana samunta a jikin aƙalla mutum 1 cikin 10, mafi yawa a bakin mashigar uwar saifa, inda ba ta ruɗa kowa. Wuri na biyu da ta fi zama shi ne wutsiyar fankiriyas. A wani tsohon bincike na shekarar 1959 da aka yi a Amurka a kan gawa 3,000, an sami 'ya'yan saifa 364, kuma 61 daga cikinsu, wato kusan kashi 17 cikin 100, a wutsiyar fankiriyas suke. Mai ita yakan rayu har ya tsufa bai san da zamanta ba, domin ba ta ciwo, ba ta yaɗuwa, ba ta kuma rikiɗa ta zama daji. Abin da ya canza kawai shi ne yanzu ana yin hoton ciki fiye da da, saboda haka ana cin karo da ita, kuma wanda bai taɓa tunaninta ba yakan ba ta mummunan suna.

A fara da mutumin kafin hotonsa

Likitan da ya karɓi irin wannan rahoto ya ajiye shi gefe na ɗan lokaci ya yi wa mara lafiya tambayoyi, domin dajin bututun fankiriyas, wanda shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na dajin wannan gaɓa, yakan bayyana da alamu idan ya yi nisa, ko da yake a farkonsa yakan yi shiru. Ana tambayar rama ba tare da dalili ba, da ƙin abinci, da ciwon da ke tasowa daga ƙahon zuciya ya huda zuwa baya musamman da dare, da ciwon sukari da ya bayyana kwatsam ga wanda ya manyanta, da shawara mai sa ido ya yi ɗorawa idan ƙarin yana wajen kai. Mutumin Yawuri ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ɗansa ya shaida cewa har ranar da tsakuwa ta kayar da shi yana shiga fadama da kansa.

Sai kuma wasu tambayoyi uku da akan manta. Ta farko ita ce ko an taɓa cire masa ƙoda ko an taɓa ce masa yana da ƙari a ƙoda, domin dajin ƙoda yana da ɗabi'ar aika reshe zuwa fankiriyas ko bayan shekara 10 ko fiye da yin aiki, kuma reshen yana shan jini sosai kamar 'yar saifa. Ta biyu ita ce ko yana yawan jiri, gumi, rawar jiki ko suma idan ya daɗe bai ci abinci ba, abin da kan fito fili a watan azumi wajen la'asar kuma ya wuce da zarar ya sha abu mai zaƙi. Wannan alama ce ta ƙarin da ke fitar da insulin fiye da kima. Ta uku ita ce ko ya taɓa yin haɗarin mota ko na babur da ya fasa masa saifa, ko an taɓa cire masa ita, domin ɓarɓashin saifar da ta fashe yana iya dasuwa a ko'ina cikin ciki ya rayu, kuma 'yar saifar da aka bari bayan an cire uwar takan ƙara girma.

Gwajin jini yana taimakawa kaɗan, amma ban taɓa yarda a jingina hukunci a kansa ba. Sinadarin CA 19-9, wanda iyakarsa ta lafiya take wajen 37, yakan hau a dajin bututu, sai dai yana hawa ma idan hanyar matsarmama ta toshe saboda tsakuwa, kuma akwai mutane kashi 5 zuwa 10 cikin 100 da jikinsu ba ya yin sa ko kaɗan ko da suna da dajin. Haka nan kuromogiranin A, da ake nema a ƙarin ƙwayoyin da ke fitar da homon, wato sinadarai irin su insulin da ke shiga jini su sarrafa aikin jiki, yakan hau ga mai shan omefirazol, kuma a garuruwanmu da wuya a sami mai ciwon ciki da bai sayi wannan magani a kemis ba da sunan olsa. Ciwon ƙoda ma yana ɗaga shi.

Hoton siti-sikan, da yadda ake neman a yi shi

A nan ne mafi yawan aikin yake. Hoton da mutumin Yawuri ya kawo an ɗauke shi ne sau ɗaya kacal bayan allurar ruwan rini, wato ruwan da ake sawa ta jijiya don gaɓoɓi su yi haske a hoto, wanda ya isa a ga ƙoda amma bai isa a san halin ƙullin ba. Abin da ake bukata shi ne a rubuta wa sashen hoto a fili cewa ana son hoton fankiriyas mai zango uku ko huɗu, da yanka siriri wanda bai wuce milimita 3 ba, mara lafiya ya sha ruwa zalla kafin ya kwanta, kuma a tabbatar da lafiyar ƙodarsa da gwajin kiriyatinin kafin a yi masa allurar. Ana ɗaukar hoto kafin rini, sannan wajen daƙiƙa 25 zuwa 30 bayan fara allura lokacin da rinin yake cikin manyan jijiyoyin da suka fito daga zuciya, sannan wajen daƙiƙa 40 zuwa 45 lokacin da fankiriyas ta fi haske, sannan wajen daƙiƙa 70 lokacin da jinin ya juyo ta jijiyar hanta. Iyalin mara lafiya su nemi a sa musu hoton a faifai ko filashi, domin fim ɗin da ake bugawa yana ɗauke da zaɓaɓɓun yanka ne kawai, kuma ba a iya auna komai a kansa.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ko ƙullin ya fi fankiriyas haske ko ya fi ta duhu bayan rini. Dajin bututu tsoka ce mai tauri da ƙarancin jini, don haka yakan fito da duhu, gefensa ba shi da iyaka bayyananna, yakan toshe bututun fankiriyas har ya kumbura daga bayansa, tsokar da ke bayan toshewar ta shanye, kuma yakan naɗe jijiyoyin da ke kusa. Ƙullin da yake da waɗannan siffofi ya fita daga maganar 'yar saifa gaba ɗaya, kuma a tura mai shi wurin likitan tiyata da likitan daji ba tare da ɓata mako ko ɗaya ba. Wahalar tana ga ƙulli mai haske, zagayayye ko mai siffar ƙwai, mai santsin gefe, wanda bai kai santimita 3 ba, domin a nan 'yar saifa take kama da ƙarin niyuro-endokirin, wato ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin fankiriyas masu fitar da homon, da kuma reshen dajin ƙoda. Ga mace matashiya akwai ƙari na huɗu, wanda rabinsa tsoka ne rabinsa ruwa da jini, amma shi yawanci ya fi girma lokacin da ake gano shi.

Dabarar da ke raba su tana cikin hoton kansa. Tunda 'yar saifa saifa ce, duk abin da uwar ta yi da ruwan rini ita ma shi za ta yi, a daidai lokacin kuma a daidai gwargwadon. Likitan hoto zai zana ɗan da'ira a tsakiyar ƙullin, ya zana wani mai girma ɗaya a cikin uwar saifa, ya zana na uku a lafiyayyar tsokar fankiriyas, sannan ya karanta lambar ma'aunin Hansfil, wato lambar da ke nuna yawan hasken tsoka a hoto, ta kowanne a kowane zango ya rubuta su gefe da gefe. Idan lambar ƙullin tana hawa tare da ta saifa, tana sauka tare da ita, kuma tana sama da ta fankiriyas a dukkan zangunan bayan rini, to zato ya ƙarfafa sosai. Ƙarin niyuro-endokirin yakan yi nasa tafiyar: ko ya zarce saifa haske a zangon farko sannan ya dushe da wuri, ko ya yi zobe mai haske a gefe da duhu a tsakiya, ko a ga ɗigon ƙashi-ƙashi a cikinsa. A kula kada da'irar ta taɓa gefen ƙullin ko wata jijiya, domin a abu mai girman santimita ɗaya ƙaramin karkata yana canza lamba da yawa.

Akwai wasu alamu biyu da nake jin daɗin gani idan sun samu. A zangon farko uwar saifa takan yi rodi-rodi kamar bayan jakin dawa, saboda jini yana ratsa sassanta da gudu mabambanci, kuma 'yar saifar da ta ɗan girma takan nuna irin wannan zane kafin ta daidaita a zango na gaba. Sannan idan aka bi yankan hoton a hankali, wani lokaci ana ganin 'yar siririyar jijiya ta ɓallo daga jijiyar saifa ta shiga ƙullin kai tsaye. Wurin zama ma shaida ne. 'Yar saifa tana zama a bakin wutsiya ko kusa da shi, galibi ta ɓangaren baya, sau da yawa rabinta a cikin fankiriyas rabinta a cikin kitsen da ke kewaye. Ƙulli mai haske da aka gani a kai ko a wuyan fankiriyas, kada ma a kawo wannan zato a kansa.

Da aka sake wa mutumin Yawuri hoto yadda ya kamata, ƙullin ya bi saifa taku da taku a dukkan zangunan. Amma ina da wani abin da ya faru da ni wanda ke hana ni saurin murna. A farkon aikina na taɓa ganin ƙulli irin wannan a wutsiyar fankiriyas ɗin wata mata, na dube shi da ido kawai ba tare da na auna ba, na rubuta cewa 'yar saifa ce. Wani babban malamina ya dawo mini da hoton, ya sa na zana da'irorin a gabansa, sai ga shi a zangon farko ƙullin ya ɗara saifa haske ƙwarai, a zango na ƙarshe kuma ya faɗo ƙasa da ita. Da aka cire shi, ƙarin niyuro-endokirin ne. Tun daga ranar ban sake rubuta wannan suna a rahoto ba sai da lambobi a gefensa.

Hoton maganaɗisu, wato MRI, shi ne shaida ta biyu, kuma ƙa'idar ba ta canzawa: a kwatanta da uwar saifa a kowane salon ɗauka. A salon T1 'yar saifa tana fin fankiriyas duhu, a salon T2 tana fin ta haske, kuma a salon da ke auna motsin ruwa a cikin tsoka tana walƙiya daidai da uwar, lambar ma'auninsu kuma ta zo kusan ɗaya. Mai neman wannan hoto ya tambayi ƙarfin na'urar kafin ya biya kuɗi, domin na'urori da yawa a ƙasar nan masu ƙaramin ƙarfi ne, suna wadatarwa ga ƙashin baya da ƙwaƙwalwa amma ba sa fito da ƙaramin ƙulli a ciki mai motsi da numfashi. Wadda ake so ita ce mai ƙarfin tesla 1.5 ko sama. A wasu ƙasashe ana amfani da allurar da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, waɗanda saifa da hanta ke haɗiyewa su yi baƙi a hoto, 'yar saifa ma ta yi baƙi tare da su, ƙari kuwa ya tsaya da haskensa.

Inda uwar saifa ta kasa zama ma'auni

Littattafan da aka rubuta a Turai suna ɗaukar cewa uwar saifar kowa lafiyayya ce, amma a Kebbi da Zamfara ba haka abin yake ba kullum. Babban mutum mai cutar sikila nau'in SS yawanci saifarsa ta riga ta mutu ta ƙanƙance tun yana yaro saboda toshewar jijiyoyi, ta zama ɗan abu mai tauri, saboda haka babu abin da za a kwatanta da shi. Wanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa kuma ƙarfe ya taru a saifarsa ya sa ta baƙi a hoton maganaɗisu. A ɗaya gefen, mazauna bakin Kwara da fadamun Argungu da ke fama da tsargiyar hanji mai taurara hanta, da waɗanda maimaituwar zazzaɓin cizon sauro ya kumbura musu saifa, 'yar saifarsu ma takan kumbura tare da uwar har ta wuce girman da aka saba. Akwai kuma tarin fuka, wanda ke iya kumbura kaluluwar da ke gefen fankiriyas ta yi kama da ƙari, ko da yake ita tsakiyarta takan yi duhu saboda ruɓewa. A duk waɗannan yanayi hoto biyu na farko ba sa rufe magana, sai an matsa zuwa mataki na gaba.

Gwajin da ya fi kowanne tabbatarwa ba tare da an huda jiki ba shi ne na sashen nukiliya. Ana ɗiban ɗan jinin mara lafiya, a liƙa wa jajayen ƙwayoyinsa sinadarin teknishiyam-99m mai fitar da hasken nukiliya da kyamara ke gani, a dumama su a ruwa mai zafin digiri 49.5 na minti 20 don su ɗan lalace, sannan a mayar masa da su ta jijiya. Aikin saifa ke nan a jiki, kama ƙwayoyin da suka lalace, saboda haka mafi yawansu a can suke taruwa, kuma duk inda tsokar saifa take a ciki sai ta haskaka a kyamara. Idan ƙullin ya haskaka, magana ta ƙare, domin babu ƙarin fankiriyas da ke yin wannan aiki. Idan bai haskaka ba, ba a kore 'yar saifa ɗari bisa ɗari ba, musamman idan ba ta kai santimita 1 ba ko ta manne da uwar har hasken uwar ya rufe ta, shi ya sa ake son a haɗa shi da siti-sikan a na'ura ɗaya. Akwai wani nau'in gwajin da ake yi da sinadarin salfa mai sauƙin haɗawa, amma hanta ke kwashe mafi yawansa, abin da ke isa saifa kaɗan ne. A Najeriya ana samun sashen nukiliya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ƙarfin teknishiyam yana raguwa da rabi duk awa 6, kuma daga waje ake shigo da tukunyar da ke samar da shi, saboda haka mutumin Gusau ko na Jega kada ya hau mota sai likitansa ya yi waya ya tabbatar da ranar da za a yi gwajin da kuma cewa irin wannan na dumama jini ake nufi.

Akwai tarko a nan da ya kama manyan asibitoci a duniya. Idan aka yi zargin ƙarin niyuro-endokirin, akan tura mutum hoton da ke neman ƙwayoyin da ke kama wani homon mai suna somatostatin, ko tsohon hoton oktiriyotayid ko sabon hoton PET mai galiyam-68. Ƙarin yana haskakawa a wannan hoto, sai dai lafiyayyar saifa ma tana haskakawa ƙwarai, haka ma 'yarta. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa ya yi wannan hoto, aka ce masa ƙullin ya kama, bai ƙaru da komai ba game da tambayar da muke yi, kuma an sha yi wa mutane tiyata a kan wannan shaida kaɗai sannan a tarar da saifa a cikin abin da aka cire.

Ɗiban tsoka shi ne mataki na ƙarshe kafin wuƙa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a zura tiyo mai kyamara da na'urar sikanin a bakinsa ta maƙogwaro zuwa tumbi, a ga ƙullin ta bangon tumbi, a soka siririyar allura a tsotso ƙwayoyi. Cibiyoyin da ke yin wannan a ƙasar nan kaɗan ne. Huda ta fatar ciki zuwa wutsiyar fankiriyas kuwa yana da haɗarin zubar jini da huda hanji, kuma ban cika ba da shawararsa ga ƙaramin ƙulli mai yawan jini ba. Wanda ya aika samfurin ya rubuta wa likitan da ke duba tsoka a madubin da ke ƙara girman abu cewa yana zaton 'yar saifa, domin idan bai faɗa ba, ƙananan fararen ƙwayoyin jini na saifa, wato limfosait, suna iya kama da ƙwayoyin ƙarin, kuma allurar kan kwaso wasu lafiyayyun ƙwayoyin insulin a hanyarta, waɗanda suka fi yawa a wutsiya, su ƙara ruɗa mai dubawa. Rinin da ake sa wa samfurin a ɗakin gwaji don warware gardama shi ne CD8, wanda ke kama shimfiɗar ƙananan magudanan jini na saifa, yayin da kuromogiranin da sinaftofaisin ke kama ƙarin niyuro-endokirin.

Sau ƙalilan 'yar saifa takan yi ƙunshin ruwa a cikinta, kuma wannan ƙunshi yana iya ɗaga CA 19-9 ya yi kama da ƙari mai majina da ke fitowa a wutsiyar fankiriyas ɗin mata masu matsakaicin shekaru. Abin da ake nema shi ne ɗan gefen tsoka da ke kewaye da ruwan, a ga ko yana bin saifa. Idan gefen ya yi siriri har ba a iya auna shi, mafi yawa tiyata ce ke bayyana gaskiya, kuma babu laifi a kan likitan da ya zaɓe ta.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala duka shi ne abin da tiyatar ke tafiya da shi. Idan ana zaton daji, akan yanke wutsiyar fankiriyas tare da uwar saifa gaba ɗaya. Bakin da aka yanke yakan yi yoyon ruwan narkar da abinci a cikin ciki har mutum ya daɗe da tiyo a kwiɓi, wasu kuma su kamu da ciwon sukari daga baya. Wanda ba shi da saifa zazzaɓin cizon sauro yana iya yi masa tsanani, kuma ƙwayoyin cutar nimoniya da sanƙarau suna iya kayar da shi cikin sa'o'i. Mu da muka ga annobar sanƙarau da ta fara daga Zurmi a ƙarshen 2016 ta watsu zuwa Sakkwato, Kebbi, Katsina da Neja a 2017 mun san nauyin wannan magana. Idan tiyatar ta zama dole, a yi rigakafin nimoniya da sanƙarau da Hib, wata ƙwayar cuta da ita ma ke kawo su, aƙalla mako 2 kafin ranar aiki, kuma a tambayi likitan tiyata ko zai yiwu a bar saifar.

Ga mafi yawan marasa lafiyarmu, waɗanda ba za su iya kaiwa Abuja ko Ibadan ba, hanyar da ta rage ita ce sa ido, kuma hanya ce da ilimi ya yarda da ita bisa sharuɗɗa. Idan ƙullin bai kai santimita 2 ba, yana bakin wutsiya, gefensa santsi, bututu bai kumbura ba, babu tabo a hanta ko kumburin kaluluwa, mutum ba shi da alamun da aka ambata a sama, kuma lambobinsa sun bi saifa a siti-sikan da hoton maganaɗisu, to a sake hoto bayan wata 3 zuwa 6, sannan bayan shekara guda. Ko da a ce ƙaramin ƙarin niyuro-endokirin ne wanda ba ya fitar da homon, irin wannan girma yana cikin waɗanda ƙa'idojin duniya suka yarda a bibiya, saboda tafiyarsu a hankali take. A nemi duk wani tsohon hoton ciki da mutum ya taɓa yi, ko na shekara biyar da ta wuce ne, domin ƙullin da ke nan tun tuni da girmansa ɗaya ya riga ya ba da rabin amsa. Likitan hoto ya rubuta girman ƙullin da milimita, da nisansa daga bakin wutsiya, da lambobin kowane zango, da ranar da yake son a dawo, sannan a aika da faifan zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko wani babban asibiti don ido na biyu ya gani. A kuma gaya wa iyali a fili cewa rama, ciwon baya, suma ko canjin launin ido suna soke wa'adin, a dawo a ranar da aka gan su.

Mutumin Yawuri ya yi hoton maganaɗisu, wanda ya yi daidai da na siti-sikan, aka yi masa maganin tsakuwarsa ya koma gida. Ya dawo bayan wata shida, ya sake dawowa bayan shekara, kuma a duka biyun ƙullin yana nan a milimita 16 kamar ranar farko. A zuwansa na ƙarshe na rubuta masa 'yar takarda da Turanci da Hausa cewa yana da 'yar saifa a wutsiyar fankiriyas, tare da girmanta da ranakun hotunan, na ce wa ɗansa ya ajiye ta cikin ambulan ɗin nan tare da faifan, ya nuna wa duk likitan da zai sake yi wa Baba hoton ciki.